Kaset ɗin da na ɗauka a filin Laitkor

Da sunan Allah mai bayarwa, mai karɓa. Ni ce Balarisha Wahlang, mai rumfar shayi a kasuwar Iewduh, mazauniyar unguwar Mawlai a Shillong. Da hannuna nake rubuta wannan, cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina. Ƙafafuna sun kumbura, numfashi ya soma yi mini wuya, amma kaina garau yake. Likita ya gaya mini gaskiya, na kuma gode masa. Zuwa gare ku ne, Kyrshan babbana, da Daphi, da Ibanri 'yar autata.

Na ɗaya. Gidan nan da lambun bayansa na Ibanri ne, kamar yadda uwata ta bar mini, ita ma tata uwar ta bar mata. Ibanri, gidan 'yar auta ba a rufe ƙofarsa. Duk ranar da duniya ta yi wa yayanki ko yayarki zafi, ko wani daga cikin 'ya'yansu, a nan zai sauke jakarsa, kuma kada ki tambaye shi ranar tafiya.

Na biyu. Rumfar shayi ta Daphi ce, da bencina da kofuna. Kada ki canja mai kawo madara. Ya tsufa, yana makara, amma bai taɓa sirka mini ita da ruwa ba. Babbar tukunyar dafa shinkafar jadoh ba tawa ba ce, ta maƙwabciyarmu Kong Thei ce. Ku wanke ta tas ku mayar mata, ku haɗa mata da kwai mai kyau, goron nan namu, ta tauna.

Na uku. Zarto da gudumomi da sauran kayan kafinta na mahaifinku Lurshai, na Kyrshan ne. Na san ba sana'arka ba ce, ɗana. Ka riƙa shafa musu mai kawai.

Na huɗu, shi ne ya sa na ɗauki biro. Maganar kaset ce. Kun ji shi tun kuna goye, amma ban taɓa zaunar da ku na ba ku labarinsa daga farko ba.

Ina budurwa aka shirya bikin kiɗan rok a wani fili a Laitkor, tun hantsi har yamma. Dandamalin katako ne aka ɗora a kan durom-durom, ƙungiyoyi suna hawa suna sauka. Ni ba don manyan na je ba. Na je ne saboda wasu samari huɗu da babu wanda ya san da su, masu kiran kansu Rufin Kwano, don a ɗakin ajiyar gawayi suke gwaji, in ruwa ya sauko ba sa ko jin juna. Kullum in na dawo daga kasuwa nakan tsaya a bakin titi da kwandona in saurare su. Mawaƙinsu Donbok Kharbhih, siriri ne dogo, yana rufe ido in zai ɗaga murya.

Ran nan na ari rakodar kawuna, na sayi sabon kaset da batir, na ɓoye a ƙarƙashin mayafi, na kutsa har gaban lasifika. Suna cikin waƙa ta uku ruwa ya kece. Ina ta kiciniyar rufe rakodar sai wani saurayi da ke gefena ya buɗe lema, ya ɗora a kanta, ni ya bar ni a cikin ruwa. Na harare shi. Ya kira ni da lakabin girmama mace, ya ce, “Kong, ke in kin jiƙe za ki bushe, wannan kuwa ba zai bushe ba.” Na ce, “To rufe mana baki, kana shiga cikin waƙar mutane!” Ya ce, “Ai na riga na shiga.” Mahaifinku ke nan. Haka ya yi ta surutu har aka tashi, haka kuma ya ci gaba har ranar da Allah ya karɓi abinsa.

Can sai janareta ya mutu, gita duk suka yi tsit. Mutane suka fara watsewa. Donbok ya zo ya zauna a bakin dandamali, ƙafafunsa suna reto, ya ci gaba da waƙar da bakinsa kawai, mai ganga yana buga masa katako da tafin hannu. Waɗanda suka juya suka dawo. Muka matso muka kewaye shi, babu mai tari, sai ubanku da bakinsa bai rufu ba. Wannan ƙarar da kuke ji kamar ana soya gyaɗa, ruwa ne a kan lemar ubanku.

Damina ba ta zagayo ba Donbok ya rasu, babbar mota ta bi ta kansa a hanyar Guwahati. Bai taɓa shiga ɗakin ɗaukar waƙa ba. Sauran ukun suka sami wani mawaƙi, suka yi sunan da kuka sani. Muryarsa kuwa babu inda ta saura a duniya sai a kaset ɗina.

Uwarsa, Kong Drimsila, ba ta taɓa yarda da kiɗan nan ba. Ta ce na mashaya ne, ta hana shi shigo mata gida da gita. Rabonta da jin waƙarsa tun yana yaro a coci. Ina goyon Kyrshan ta zo rumfata, ta sayi shayi, ta zauna har ya huce ba ta kurɓa ba. Da mutane suka ragu ta ce, “An ce ɗana yana wurinki.” Na rufe rumfa da rana tsaka, na kawo ta gidan nan. A kan kujerar bakin taga ta zauna, hannuwanta a kan cinya, ta saurari gaba da baya ba ta motsa ba. Da ya ƙare ta ce, “Ashe haka yake da murya. Kuma ji shi, bai sa rigar sanyi ba, ga mura nan a maƙogwaronsa.” Ta share ido ta ce, “Wannan mai surutun fa, wane ne?” Na ce mijina ne. Ta ce, “Kai, Allah ya ba ki haƙuri, 'yata.” Ubanku yana kicin ya ɗaga murya ya ce, “Mei, uwata, ba don lemata ba da ba ki ji komai ba!” Ta yi dariya tana kuka. Tun daga ranar duk shekara sai ta zo, har ta bar duniya. Ni kuma na yi mata alkawari cewa duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofata don ya ji Donbok zai ji shi, kuma ba za a karɓi komai a hannunsa ba.

Yanzu ga mutanen Delhi masu shirya fim a kan tarihin ƙungiyar sun sami Kyrshan. Suna son kaset, sun ce za su wanke sautin, su cire ruwan sama da hayaniyar jama'a da mutumin da ke magana kusa da rakoda. Ina kwance a ɗaki ranar Kirsimeti na ji ku a kan abinci. Daphi ta ce, “Ka sayar da Pa ke nan.” Kyrshan ya ce, “Ke kuma so kike ya ruɓe a akwati.” Tun ranar ba ku gaisa ba. In kun zo duba ni, wannan yana shiga waccan tana fita, kuna tsammanin ba na lura.

Daphi, kin faɗi maganar da ba ta dace ba. Yaron nan shi ya goyi ubanku a baya daga nan har bakin titi ranar da ya faɗi, shi ya riƙa yi masa aski a asibiti. Ki je ki same shi ki janye maganarki, kada ki aika da saƙo ta waya. Kuma yana da gaskiya, danshin garin nan ya fara cin kaset, waƙa ta biyu ta soma ja.

Kyrshan, ita ma tana da gaskiya. In aka cire ruwa aka cire mutane, ba ranar nan ba ce kuma. Donbok ba shi kaɗai ya yi waƙa ba, mu ya yi wa, muna jiƙe sharkaf a gabansa.

Ga abin da na yanke. Kyrshan zai kwafe shi a kwamfuta gaba ɗayansa, ba ragi, ya sa a intanet kyauta, da cikakken sunan Donbok a sama. In mutanen fim sun yarda da ruwan sama da surutun ubanku, su ɗauka kamar kowa. In ba su yarda ba, ka ba su shayi ka sallame su da mutunci. Ainihin kaset ɗin kuwa ku kai wa ƙanwar Donbok, Kong Aiti, a Smit. Namiji gidan uwarsa yake komawa, na riƙe musu shi ya isa haka. Ku biyun za ku kai, a mota ɗaya. Na sani, Daphi, muryar Pa ma tana tafiya ciki. Ki bar shi ya je, kin san bai taɓa ƙin zuwa gidan mutane hira ba.

Na biyar. Ranar jana'izata ba na son a kunna shi. Matan cocinmu su yi mini waƙoƙin da suka saba. In mutanen Rufin Kwano sun zo a matsayin masu ta'aziyya, ku ba su wurin zama da kwai. In da kyamara suka zo, su bar ta a mota.

Na shida. Kun san kaset ya ƙare ana tsakiyar waƙar ƙarshe, wadda yake yi wa yarinyar da ke jiran motar ƙauye. Kuna yara kun sha tambayata ko motar ta zo, nakan ce ku ci abincinku. Sauran baitocin suna kaina. Na tambayi mai gangarsu ya ce ya manta, don sau ɗaya tak suka taɓa yin ta. Ubanku ya sani, ya tafi. Saura ni.

Don haka ranar Lahadin nan, bayan an taso daga coci, ku zo ku uku da jikokina. Kyrshan ya kawo na'urarsa ya ɗauka, Daphi ta zauna a bayana ta tallafe ni don numfashi ya fita, Ibanri ta dafa jan shayi. Muryata ba ta Donbok ba ce, amma ban manta ko kalma ɗaya ba. Ba zan rera wa mutum ɗaya ba, ba kuma zan rera wa biyu ba. Kada ku ce sai wani makon. Ni ma ina so in ba ku wani makon, amma ba a hannuna yake ba.

Allah ya yi muku albarka, ku da mazajenku da matarka da 'ya'yanku. Ya ba ku lafiya da abinci mai albarka da maƙwabtan kirki. Na yafe muku duk abin da kuka sani da wanda ba ku sani ba, ku ma ku yafe mini. Ku riƙa cin abinci tare ko babu biki. In ɗayanku ya yi fushi, sauran su je su zauna masa a ƙofa har ya gaji ya buɗe. Ni na ji daɗin zama uwarku.

Sai Lahadi. Zan sa Ibanri ta taje mini kai.

Mei ɗinku,
Balarisha Wahlang