Saura Wata Biyar Ya Gama Biya

Yelwa, Bauchi
4 ga Mayu

Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya zafin Yola? Ni'ima lafiyarta ƙalau, tana gaishe ka. Ni ce hankalina ba a kwance yake ba, kuma maganar ta fi ƙarfin waya.

Ka san binciken da nake yi a jami'a kan masu karɓar keke mai ƙafa uku ko injin niƙa bashi suna biya kaɗan-kaɗan, wanda kwamitin tsara dokar bashi ke jira. Jiya da hantsi ina bakin Kasuwar Muda Lawal ina yi wa wani direban keke tambayoyi, sunansa Istifanus. Ya biya wata goma sha tara cikin ashirin da huɗu, sai zazzaɓi ya kwantar da shi mako uku, ya kasa biya. Yana nuna mini rasit ɗinsa wasu ƙarti huɗu suka sauko daga babura. Suka fizgo shi, ya ƙi sakin kan keken, sai suka sa ƙarfe suka dinga dukan hannun har na ji ƙarar ƙashi. Da ya faɗi suka tattake shi, ɗaya ya buga kansa da bakin kwata. Jininsa ya fantsamo kan takarduna. Suka tafi da keken. Na ɗauki rabin abin a waya, sannan ni da wani mai hatsi muka kai shi asibiti.

Yaran kamfanin Alhaji Ikrima ne. Kamfanin da na yaba a muƙalata ta bara, na ce bashinsu na fitar da talaka daga wahala, har suka buga maganata a takardar tallansu. Ina zaune a ofis na rubuta hakan, ban tambayi direba ko ɗaya ba.

Ka sa ni a addu'a.

Taka,
Khairat

13 ga Mayu

Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum. Ina fatan ka tashi lafiya. Ka yi haƙuri da rubutuna, da ido ɗaya nake gani. Kada ka tayar da hankalinka, likita ya ce kumburi ne kawai.

Ranar Litinin Alhaji Ikrima ya aiko mutum har ofishina da tayin kuɗin sabon bincike, in dai zan cire daga rahotona bayanan ƙwace talatin da ɗaya da na tattara. Na ce ya gaishe shi. Shekaranjiya bayan la'asar, ina hanyar gida a mota, wasu mutum biyu a kan babur suka sha gabana. Suka fasa gilashin motar da dutse, ɗaya ya jawo ni ta mayafi ya naushe ni a fuska sau biyu, ɗayan ya ɗauke kwamfutata ya rotsa ta a kan kwalta. Ɗalibai ne suka yo kansu da duwatsu, sai maharan suka gudu. An yi mini ɗinki shida a gira. Bayanan ba su salwanta ba, na riga na ba shugaban sashenmu kwafi.

Na kai Ni'ima gidan Yaya Sabitu a Tirwun. Na san za ka ce in bari. A daren farko ni ma na ce zan bari. Amma da na je duba Istifanus, na tarar bai farfaɗo ba, matarsa Liatu na zaune a ƙasa riƙe da rasit ɗin nan a leda.

Taka,
Khairat

27 ga Mayu

Abban Ni'ima,

Assalamu alaikum. Na gode da zuwanka, ina fatan ka koma lafiya.

Istifanus ya rasu ranar Asabar, an binne shi jiya da safe. Daga maƙabarta Liatu ta biyo ni zaman kwamiti. Na karanta alƙalumana, 'yan kwamitin suna duba wayoyinsu. Sai na kunna hoton dukan. Lauyan kamfanin ya miƙe da muƙalata ta bara a hannu, ya karanto yabon da na yi musu. Na ce ni na rubuta, kuma kuskure na yi.

Sun karɓi shawarata ɗaya: babu ƙwace kaya sai da umarnin kotu. Ta ƙayyade ruwan bashi kuwa sun ajiye ta. An kama biyu daga cikin yaran, Alhaji Ikrima yana gidansa.

Da muka fito Liatu ta riƙe hannuna ta ce, "Malama, to yanzu keken na waye?" Gobe da ƙarfe tara zan raka ta wajen lauya mu tambaya.

Ka gaida abokan aiki. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
Khairat