Inda Mama Take Zuwa Ranar Alhamis

Litinin, 1 ga Oktoba, 2018

An rufe makaranta don haƙon dankali. Sati biyu zan yi a tsaye gefen bel ɗin injin da ke jan dankali ina tsince duwatsu a gonar Mista Rasmussen, inda Baba yake tuƙa babbar mota duk kaka. Littafin soyayyar da nake karantawa yana aljihu. Shafi shida na samu lokacin cin abinci. Jarumin ya kusa faɗa wa jarumar yana sonta. Ya kusa!

Baba ya kafa allo a ƙofar gida, an rubuta A'A da ja. Kan ƙuri'ar watan gobe ne, wai jiharmu ta faɗaɗa inshorar lafiya ta gwamnati ta haɗa da manya masu ƙaramin ƙarfi. Mista Rasmussen ne ya raba wa ma'aikatansa allunan. Baba ya ce, "Mu ba mabarata ba ne." Mama tana yanka albasa, ko ɗagowa ba ta yi ba.

Alhamis, 4 ga Oktoba

An yi ruwa, aka sallame mu da wuri. Mama ba ta gida. Ƙarfe huɗu sai ga wata shuɗiyar a-kori-kura ta tsaya, ba a ƙofarmu ba, can bayan shingen maƙwabta. Mama ta sauko. Da jan-baki. Ranar Alhamis! Namiji ne ke tuƙi, mai furfura a gefen kai, kuma sai da ta dafa hannunsa kafin ta rufe ƙofa.

Na ce, "Mama, daga ina?" Ta ce, "Kanti." Ko leda babu a hannunta.

Asabar, 6 ga Oktoba

Mun tsaya gidan mai. A kan kanta akwai kwalbar Carol Jean, matar mai gyaran taya, da hotonta a manne, ana tara mata kuɗin magani. Kullum Mama takan jefa canji. Yau ta kau da kai, ta fita da sauri. Haka marasa gaskiya suke yi a littafi, ba sa iya kallon mutanen kirki a ido.

Talata, 9 ga Oktoba

Na gaya wa ƙawata Tayla a gefen bel. Dariya har ta bar dutse ya wuce. "Maren, babarki fa da takalmin lambu take zuwa coci. Ki rage karanta shirmen nan, ya fara taɓa miki kai."

To ambulan ɗin wasiƙar da na gani a ƙasan gwangwanin fulawa fa? Ban buɗe ba. Na dai shinshina. Ba turare.

Alhamis, 11 ga Oktoba

Shuɗiyar motar kuma.

Lahadi, 14 ga Oktoba

Na ji ta a waya a ɗakin wanki, murya ƙasa-ƙasa: "Kada Dell ya sani tukuna." Dell, wato Babana, wanda ya wuni yana gyara mata famfo yana fito.

Idan ta tafi, wa zan bi?

Laraba, 17 ga Oktoba

Na yi abin da bai kamata ba. Baba ya ɗauko ni daga makaranta, ya ce, "Sarauniyar littafi, yau wa ya auri wa?" Sai kawai na fashe da kuka na faɗa masa komai. Motar, jan-bakin, wayar. Ya wuce kwanar gidanmu, sai da ya juyo.

Alhamis, 18 ga Oktoba



Baba bai je aiki ba. Ya tsaya bayan shinge, ni ina leƙe ta taga. Da motar ta iso ya riƙe ƙofar direba. "Malam, ina kake kai matata?"

Mutumin ya sauko a hankali, gwiwarsa ma ba ta miƙewa. Sunansa Mista Ostler, tsohon nas ne, yana kai mutane asibitin kyauta da masu sa-kai ke buɗewa a birni duk Alhamis. Ya ce, "Layi nake kai ta, ɗan'uwa. Awa huɗu a kujerar roba. In wannan ce soyayya, to ni an cuce ni."

Ba wanda ya yi dariya.

Mama tana da ƙulli a ƙirji, gefen hagu. Tun watan Agusta. Takardar gwaji ce a ƙasan gwangwanin fulawa. Jan-bakin kuma, wai don kada a gan ta kamar mai neman sadaka.

Baba ya ce, "Lorna, me ya hana ki gaya min?"

"In gaya maka ka biya da me? Da allonka?" A gefen allon suke tsaye kuwa. "Ba na so in ga fuskata a jikin kwalba, Dell. Mutane suna sayen cingam suna jefa min ragowar."

Sannan ta ɗago ta ga ni a taga. Ta san ni ce na faɗa.

Juma'a, 19 ga Oktoba

Ni ina da katin asibiti, na yara. Mama da Baba ba su da komai. Abin da Baba yake samu ya yi yawa a sa su a na gwamnati, ya yi kaɗan a tallafa musu su sayi na kamfani. Mutane irinsu ake wannan ƙuri'a dominsu.

Shekara nawa tana kai ni wurin likitan haƙori, tana zaune da jaka a cinya, ban taɓa tambayar me ya sa ita ba ta hawa kujerar ba. Ni da nake ganin komai.

Ba ta yi min faɗa ba. Da ma ta yi.

Lahadi, 28 ga Oktoba

Allon ya ɓace. Baba ya ce iska ce. Ba a yi iska ba, kayan shanya ko motsi ba su yi. Kuma iska ba ta cike rami da ƙafa.

Talata, 6 ga Nuwamba

Sun je zaɓe tare. Na ce, "Baba, me ka zaɓa?" Ya ce, "'Yar sanda, ba ki gaji da bincike ba? Sirri ne." Amma ya bi ta bayan gari don kada ya wuce gidan Mista Rasmussen, Mama ce ta faɗa.

Laraba, 7 ga Nuwamba

Ƙuri'ar E ta ci! Na yi tsalle a kicin. Sai Mista Ostler ya bugo ya ce kada mu yi saurin murna, ba za a fara ba sai bayan shekara ko fiye, in ma 'yan majalisa ba su ja ƙafa ba. Ban yarda da su ba. Ko kaɗan.

Likita kuma ya ce ƙullin ba zai jira shekara ba. Sai an cire.

Asabar, 17 ga Nuwamba

Mama ta yarda da kwalba, da sharaɗi ɗaya: ba hoto. Ni na rubuta sunanta a takarda na manna. Ni na kai gidan mai. Na yi wa mai wurin bayani da bakina, ni da ba na iya cewa an ba ni canji ba daidai ba. Muryata ta yi rawa sau ɗaya kawai. Na ajiye ta gefen ta Carol Jean.

Matan coci sun dafa taliya yau, kowane faranti kuɗinsa na tiyatar Mama ne. A bakin titi akwai allo da rubutun Baba, haruffa duk a karkace: TALIYA DON LORNA. Da rana ta bugo shi ta baya, sai na ga inuwar jan A'A tana leƙowa ta cikin kwalin.

Ya ga na gani. Ya gyara hula. "Kwali ne mai kyau. Asara ce a yar."

Na ce, "Iska ce ta dawo da shi?"

Ya ce, "Je ki raba cokula."

Littafin yana ƙarƙashin gado, shafi na 212, tun ranar nan. Ban sani ba ko jarumin ya faɗa mata yana sonta. Rashin lokaci ne kawai, ba wani abu ba.

Alhamis ni zan raka ta. Na ce mata zan riƙe jaka.