Kifin da Ba Ya Barin Katantanwarsa

Baban Muna, inuwata ta tsakar rana, sanyin randata, hasken idona!

Gaisuwa mai yawa. Inna lafiya lau, sai ciwon ƙafa. Jar akuya ta mutu. Muna tana tari, ta rame har awarwaronta na zamewa. Ni kuwa lafiyata tana Abijan wurinka. Kada ka yi wa rubutuna dariya, ban daɗe da shiga karatun manya ba, amma ban yarda hannun wani ya shiga tsakanina da kai ba.

Ka tuna ranar da ka sauko daga motar Yamai rungume da akwatin gilashi, wanda Nasaran da kake yi wa girki ya bar maka? Ga kifaye a kwalba, ba wanda ya kai ɗan yatsana! Ka ce daga wani tafki mai nisa suke, cikin katantanwa suke zama, kuma ruwan rijiyarmu mai ɗan kanwa shi suke so. Tare muka wanke yashi, hannunka yana samun nawa cikin ƙwarya. Na jera musu katantanwa kamar kwanonin amarya, na lailaye yashin. Kafin la'asar sun tone shi kaf, kowa ya binne tasa inda ya ga dama. Ka yi dariya har da hawaye. Wayyo, wannan dariya! Ina zan same ta yanzu?

Masoyina, rijiya ta ja baya, guga laka yake kawowa. Ina tacewa in raba, rabi namu, rabi nasu. Wanda na kwashe musu kuma zogale ya sha. Mata na cewa na haukace, shanu na faɗuwa a hanyar Damana ina shayar da kifi. Ba su san kai nake shayarwa ba.

Ɗaya daga cikin kifayen ta haihu. Tana tsaye bakin katantanwarta, ko inuwa ta gifta sai ta kora ƙananan su shige ciki. Mijin yana kusa, yana kewaya. Ina kallonsu, in zauna, in tashi, in leƙa hanya. Kifi ma, Baban Muna, kifi ma!

Yaya Kailu ya samo kamyo, babbar motar kaya, zai kwashe iyali zuwa Yamai ranar kasuwar Filinge ta bayan Mauludi. Can akwai likita da abinci. Gilashi ba ya shiga kamyo. In na tafi sun mutu, gidanka ya zama kango. In na zauna, tarin Muna fa?

Ka aiko amsa kafin ranar, don Allah, ko kalma guda. In ba ta zo ba, zan goya Muna in hau, ka yafe mini. Katantanwa ɗaya zan ƙulle a bakin zanena. Ka nemo ni Yamai, ka ciko ta da ruwa.

Taka, a nan ko a can, har numfashi ya ƙare,
Mairama