Ƙorafi Kan Fumfunar Ɗakin Kaka Odile

Daga: Clovis Robichaud,
Gida na 14, ɗakin ƙasa, Titin Wharf, Port Lorimer.

Zuwa ga: Mai Girma Jami'in Sauraron Ƙorafin 'Yan Haya,
Port Lorimer, New Brunswick.

9 ga Fabrairu, 2023

Game da: Danshi da fumfuna a gidan da muke haya

Ranka ya daɗe,

Da hantsi nake rubuta wannan takarda, dusar ƙanƙara na ta zuba tun safe. A yi mini afuwa idan rubutuna bai tsaru ba, ban yi nisa a makaranta ba. A kamfanin gyaran kifi nake aiki. Ni da kakata Odile muke zaune, ita ta raine ni.

1. Ranar 5 ga Nuwamba, mai gidanmu, Mista Gerald Pettigrew, ya kawo mana ledar rufe taga, kamar yadda kowa ke yi idan sanyi ya shigo. Ya ce tagogin sun tsufa, ba zai canza su bana ba, mu liƙe su kada man hitarsa ta ɗumama gida ya riƙa tafiya a banza. Na liƙe, na bi da na'urar busar da gashi har ledar ta miƙe. Ya duba, ya ce aiki ya yi kyau.

2. Kafin Kirsimeti bangon bayan gadon Kaka ya yi baƙi. Na wanke, ya dawo. Na sake wankewa. Takalmanta na zuwa coci ma sun yi kore a cikin kabad. Ita dai dariya take yi, wai bango ya riga ni fitar da gemu.

3. Na sanar da shi ranar 3 ga Janairu. Ya ce laifinmu ne, wai mun toshe tagogi, ga tsohuwa kullum tana dafa miya, tururi bai da hanyar fita. Na tuna masa wanda ya kawo ledar. Ya ce shi bai tuna ba. Ban yi gardama ba, dattijo ne. Amma bangon da ya fi baƙi ba taga a jikinsa, kuma bututun ruwan rufi tun bara a karye yake, a nan yake zubarwa.

4. Ranar 21 ga Janairu numfashin Kaka ya sarƙe, aka kai ta asibiti. Likita ta ce Kaka ba za ta koma wannan ɗaki ba sai an gyara. Idan watan nan ya ƙare ba a gyara ba, gidan kula da tsofaffi za a kai ta, can inda bas ba ya zuwa, ni kuma ba ni da mota. Jiya ta tambaye ni ko ina shayar da furenta. Na ce mata e. Furen ya ruɓe.

Saboda haka nake roƙo, cikin girmamawa, a turo wanda zai duba bangon da bututun, a faɗi wanda gyara ya rataya a wuyansa. An gaya mini layi na da tsawo, ba lallai a iso kanmu kafin bazara ba. Na fahimta.

Ko da wani zai zo, matakalar ɗakin ƙasa tana da santsi, na zuba gishiri don ya narkar da ƙanƙarar. Mista Pettigrew a samanmu yake zaune, na share masa tasa matakalar ma, tunda shebur na hannuna. Ya sauko ta kai, ya shiga motarsa ya tafi.

Naku cikin ladabi da biyayya,

Clovis Robichaud