Ka Sauka a Tashar Gabas

Zuwa ga maigidana, Baban Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da ƙaninka Dogo. Yaya aikin gini, yaya zaman kulle? Mu nan lafiya lau. Cutar da ke ɗibar mutane a birninku ba ta leƙo mu ba. Kasuwa na ci, yara na zuwa makaranta. A rediyo kawai muke jin ta, amma tsoronta ya riga ta isowa.

Ka tuna matar mai gyaran agogo? Tun da aka ji ɗanta ya dawo daga wajenku, ko gishiri ba a karɓa daga hannunta. Ni kuwa ka san sana'ata kitso ce, kan mutane nake taɓawa. Ranar da matar mai gidan da muke haya ta zauna a gabana ta tambayi inda kake, sai na ji bakina ya ce an mayar da ku aiki garuruwan gabas, inda cutar ba ta je ba. Na koya wa yara su ma su riƙa faɗin haka. Don Allah kada ka yi fushi, na ɗan lokaci ne.

Ka ce wa Dogo ni matarsa ta wasa na ce ya rage ci, ya bar wa yayansa ko loma biyu.

Taka har kullum,
Maman Auta

*

Baban Auta,

Ina gaishe ka, ya haƙuri? Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙan Dogo, ya sa ciwon ya zama kaffara. Wa zai ƙara shigowa yana kiran "matarmu, me kika ɓoye mini a tukunya?" Ka ce kai kaɗai ka raka shi, daga nesa, ba su bari ka taɓa shi ba. Na yi kuka, amma da filo a bakina, don kada a ji a tsakar gida a tambaye ni dalili.

Na gode wa Allah da ma'aikatan lafiya suka tsare ka suka duba, suka ce ba ka ɗauke da komai. Ka taho gida. Sai dai ina da roƙo. Kada ka shigo da motar birninku. Ka sauka a mararraba, ka hau wadda ta fito daga gabas, ka sauka a tasharta. Mai shayin tashar motocin birninku ƙanin mai gidan da muke haya ne, kuma bakinsa ba ya riƙe magana. Zancen Dogo ma ka bar shi a cikinka tukuna.

Na san abin da nake roƙo ba shi da kyau.

Matarka,
Maman Auta

*

Maigida,

Ina fatan ka koma lafiya, kuma kana cin abinci. Yara suna gaishe ka. Ban san da wane ido zan dube ka ba, shi ya sa na fake a bayan takarda.

Duk abin da na ce ka yi, ka yi. Ina bayan labule da yammar nan da maza suka zauna a kan bencin ƙofar gida, mai gidan hayarmu yana taya ka murnar nisa da "birnin ƙazamai masu mutuwa kamar kaji". Aka yi dariya. Ya ce ina Dogo, har yanzu yana nan da cin nan nasa? Ka ɗaga kai ka dubi labulen, ka ce alhamdu lillahi. Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutum ya binne ɗan'uwansa uwa ɗaya uba ɗaya, ya dawo gidansa, ko mutum ɗaya bai ce masa ya haƙuri ba, kuma ni na jawo. Da ka zage ni ya fi mini sauƙi a kan yadda ka ɗauki jakarka, ka shafa kan yara, ka ce mini sai wata rana.

Jiya na faɗa. Matar mai gida na zaune a gabana, na kai tsakiyar kanta, na ce mata daga birnin nan ka zo, kuma a can Dogo ya rasu. Ta miƙe da rabin kai a tsefe, ko ɗankwalinta ba ta tsaya ɗauka ba. Yau kujerar kitso babu kowa. Na shimfiɗa tabarmi a ƙofar ɗaki, na wuni a zaune, kowa ya zo wucewa sai ya raɓa ta jikin bango. Ban ga laifinsu ba, tsoron da ya sa ni ƙarya shi ke damun su.

Gobe zan kai yara wurin yayata, in hau motar birninku da rana tsaka. In ka buɗe mini ƙofa, zan durƙusa in yi maka gaisuwar ƙaninka da muryar da maƙwabta za su ji. In ba ka buɗe ba, zan yi ta daga waje.

Matarka, in har yanzu kana kira na haka,
Maman Auta