Tsohuwar da Ta Kira Sunanka

Unguwar Awali, Madina

Ƙanena Osman,

Assalamu alaikum. Ya Fatna da yara? Ya sanyin Amurka? Ni lafiya lau, alhamdulillahi, sai ciwon baya in na hau dabino, shi ma da sauƙi.

Na ga bidiyon taron garinku, inda ake gardamar ko a ci gaba da karɓar Musulmi 'yan gudun hijira. Ka ce ka kasa cin abinci saboda mutumin da ya ce a kore ku. Ni kuwa maƙwabciyarka na yi ta kallo, tsohuwar nan da ta miƙe da sandarta, ta kira sunanka a gaban jama'a, ta ce kai nasu ne. Sau biyar na maimaita wurin.

Osman, shekara biyu kacal ka yi a can! Ni shekarata goma sha tara a gonar nan, har yau mai gonar "ya Sudani", wato ɗan Sudan, yake ce mini. Kuma ni ne na yi maka dariya ranar da ka ƙi biyo ni, ka zauna jira a sansanin 'yan gudun hijira na Chadi.

Ka ce in yi muku addu'a a Masallacin Annabi kafin a kaɗa ƙuri'a kan zamanku. Wallahi na yi, amma na daɗe a tsaye kafin bakina ya buɗe.

Allah ya bar ku a can. Ka gaishe mini da tsohuwar. Ka gaya mata kana da wa, sunansa Haladu.

Yayanka.