Sunan da Basira Ba Ta Faɗa

Anka, ranar Lahadi.

Zuwa ga Baban Wali,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna da duk mutanen Gummi. Yaya ƙafar Inna? Ka tabbata Wali yana zuwa makarantar allo, na san ka da sakaci in ya yi maka dariya.

Ni lafiya lau, sai kewarku. Manhajar da na haɗa wa asibitin da ke duba yaran da gubar dalma ta taɓa ta fara aiki. Kowane yaro da asusunsa. In uwa ta shiga ta waya da lambar sirri, shafin ya ɗauko sunan mai asusun, ya nemi ta faɗe shi da bakinta, sannan ya gaya mata ranar gwajin jini. Na yi haka ne don waɗanda ba su karatun boko, har ina yaba wa kaina.

Sai dai abu ɗaya ya tsaya mini a rai. Akwai wata Basira a ƙauyen Sunke, ɗanta Muttaka yana cikin waɗanda gubar ta fi yawa a jininsu. Ina gani tana shiga, shafin ya jira, ya gaji ya rufe. Ranarsa ta wuce ba a kawo shi ba. Na bi aikina layi-layi, ban ga kuskure ba. Jibi zan je da kaina.

Taka,
Raihana.

Anka, ranar Juma'a.

Baban Wali,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan kun wuni lafiya. Na je Sunke, kuma na ba ka izinin yi mini dariya. Basira ta shiga manhajar a gabana, wayar ta nemi suna, sai ta sunkuyar da kai tana jan bakin mayafi. Ashe Muttaka ɗan farinta ne! Ni da ko a takarda ban iya rubuta sunanka, ni ce na sa inji ya tilasta wa uwa kiran ɗan fari.

A tabarmarta na buɗe kwamfuta. Na ƙara gurbin alkunya a bayanan mai asusu, na sa shafin ya riƙa ɗauko ta maimakon sunan yanka. Kakar Muttaka ta ce Magaji ake kiransa. Da wayar ta tambaya, Basira ta faɗa da ƙarfi, har kaji suka watse.

Jiya ta kawo shi a bayan babur, an ɗibi jininsa, an sake ba shi magani. Likita ya ce da an ƙara jinkiri, da sai an kwantar da shi. Wallahi na ji daɗin da ban taɓa ji ba a aikin nan. Na tsaya a ƙofa ina kallonsa yana cin ƙosai, yana ƙin sam wa uwarsa.

Ka gaida Inna da Wali. Allah ya sada mu da alheri.

Matarka,
Raihana.